Littafin da Ya Ɗora Laifin Kisa a Kan Ciwon Ƙwaƙwalwa

Wannan ƙagaggen labari na binciken kisan kai ya fara da ƙarfi, kuma ba zan tauye wa marubucinsa haƙƙi ba. Babin farko, inda matar da ke ba da labarin ta farka da jini a hannun rigarta, ta kasa tuna inda ta kwana, ga kuma gawar maƙwabcinta an tsinta da safe, an rubuta shi da gwaninta ƙwarai.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne yadda aka warware ƙullin. Sai a shafukan ƙarshe aka bayyana cewa ita ce ta yi kisan, domin akwai wata mutum ta biyu da ke ɓoye a cikinta. Gina labari a bakin wanda ba a iya dogara da maganarsa tsohuwar dabara ce mai kyau, amma tana da sharaɗi: wajibi ne marubuci ya bar alamun da mai karatu zai koma baya ya gani, ya yarda cewa shi ne bai lura ba. A nan babu alama ko ɗaya. An rufe komai, sannan aka jefo amsa daga sama.

Har yanzu wannan bai kai kuskuren likitan da ke cikin labarin muni ba, wanda yake kiran ciwon matar sikizofireniya, alhali abin da ake siffantawa rarrabuwar ɗabi'a ce, cuta dabam wadda masana suka fi dangantawa da mummunan cin zarafi tun yarinta. Sikizofireniya kuwa tana zuwa ne da jin muryoyin da babu su da kuma gaskata abin da bai faru ba, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 24 ke fama da ita. Akasarinsu ba su taɓa cutar da kowa ba, hasali ma su aka fi zalunta. Littafin da ya mai da su dodanni yana ƙara musu tsangwamar da suke sha, kuma wannan ya yi mini zafi sosai.

Ɗan sandan binciken ba shi da wani aiki sai shaye-shaye da tunanin aurensa da ya mutu. An ɓata shafuka masu yawa wajen siffanta raunukan gawa dalla-dalla, amma mahaifiyar mamacin sau ɗaya ta bayyana, tana kuka a bakin ƙofa, ko suna ba a ba ta ba.