Daga kwalejin al'umma zuwa digirin tarihi: CSU ko UC?

Wata ƙanwarmu da ke zaune a Sakaramento, a jihar Kalifoniya ta Amurka, ta yi tambaya: ta gama shekarar farko a kwalejin al'umma, tana son digiri a fannin tarihi, tana kuma aikin yamma. Shin ta nufi jami'o'in CSU (California State University) ne, ko na UC (University of California), wato rukunan jami'o'in gwamnatin jihar guda biyu? Ƙanwata, na bi wannan hanyar, bari in jera miki su biyun ki gani.

Mu fara da ƙofar shiga. Dukansu suna son ki zo da yunit 60 na simista, wato karatun shekara biyu cikakku, su ɗauke ki a aji uku. Daga nan hanya ta rabu.

CSU tana da abin da ake kira ADT, digirin shekara biyu na musamman da dokar jihar Kalifoniya ta 2010 ta kafa, kuma akwai shi a fannin tarihi. Idan kin kammala shi da matsakaicin maki 2.0 ko sama, an yi miki alkawarin gurbi a ɗaya daga cikin jami'o'in CSU, kuma idan kwas ɗin da kika shiga ya dace da naki, yunit 60 kawai za ki ƙara ki karɓi digiri. Amma ki lura da kyau: gurbin a cikin tsarin ne gaba ɗaya, ba lallai a jami'ar da ranki ke so ba. Inda masu nema suka yi yawa, 2.0 ba zai kai ki ko'ina ba.

UC kuwa nata alkawarin sunansa TAG, kuma jami'o'i shida ne kaɗai ke bayarwa: Davis, Irvine, Merced, Riverside, Santa Barbara da Santa Cruz. Berkeley, UCLA da San Diego ba sa ciki, su sai dai ki nema ki yi gogayya da kowa. Ana cike TAG a watan Satumba, daga 1 zuwa 30, shekara guda kafin ki koma, kuma jami'a ɗaya tak za ki zaɓa. Bayan haka sai ki sake cike babbar takardar neman shiga kafin ƙarshen Nuwamba. Mafi ƙarancin makin UC ga mazaunin jihar 2.4 ne, 2.8 ga wanda ba mazauni ba, amma kowace jami'a na ɗora nata sharaɗin TAG sama da wannan. Bambancin a nan shi ne, TAG ta faɗi sunan jami'ar da za ki je, ADT ba ta faɗa ba.

Kuɗi kuwa, CSU ta fi sauƙi a takarda: kuɗin karatu ya ɗan haura dala 6,000 a shekara, na UC ya ninka haka har da ɗoriya. Sai dai kada farashin takarda ya kore ki, domin UC na ɗauke wa 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi kuɗin karatu. Ki cike FAFSA, takardar neman tallafin karatu, kafin 2 ga Maris, sannan ki kwatanta abin da zai fita daga aljihunki da gaske. Duk wannan ga mazauna jihar ne. Mai bizar ɗalibi lissafinsa daban, ko a kwalejin ma ba dala 46 kan kowane yunit da mazauna ke biya yake biya ba.

Yanzu ga inda nake so ki tsaya, domin shi ne ba a cika faɗa ba: yadda karatun tarihi kansa yake a wuraren biyu.

Davis, kamar yawancin UC, zangonta mako goma ne. Sacramento State kuwa, wadda ke cikin CSU, simista take yi, mako goma sha biyar zuwa sha shida. Ga mai karanta tarihi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Zangona na farko a UC, na shigo da halin kwaleji, inda babi ɗaya ko biyu muke karantawa a mako. Ranar farko malamar ta raba mana jadawali: littafi guda cur a mako, ban da tsofaffin wasiƙu da rahotannin kotu da aka kwafo mana, wasu da rubutun hannu da sai ka ƙura ido. Mako na huɗu jarrabawa ta iso ina ganin kamar jiya muka fara. A motar bas nake karatu, ina ja wa layuka biro a kan cinyata. Ke da kike aikin yamma, ki auna wannan tun yanzu. Simista na ba ki sararin numfashi. Mako goma idan kika yi rashin lafiya na sati ɗaya, ya wuce ki.

Amma abin da UC ke bayarwa a madadin wannan wahala na da daraja. Malaman masu bincike ne, akwai ɗaliban digiri na uku, akwai ƙananan azuzuwa inda za ki rubuta bincikenki daga ainihin takardun tarihi. Idan zuciyarki na wajen tarihin Afirka, UCLA ta daɗe da suna a wannan fage, kuma a can marigayi Russell Schuh, wanda Hausawa ke kira Malam Takalmi, ya shafe shekaru yana koyar da Hausa. Hausarki ma jari ce, domin mai binciken Daular Sakkwato ko kasuwancin goro tsakanin Kano da Gwanja yana bukatar harshen da ke bakinki.

CSU ita ce ke horar da kaso mai yawa na malaman makarantun jihar. Idan burinki ki koyar da tarihi a sakandare, hanyar a share take: digiri, sannan kamar shekara guda ta neman lasisin koyarwa. Azuzuwan yamma sun fi samuwa, kuma yawancin abokan karatunki ma'aikata ne irinki.

Ni dai a ganina, idan kina hango digiri na biyu da na uku, ki ɗaure ki nufi UC. Idan aji kike so ki shiga ki fara karɓar albashi, CSU ba ta rage ki da komai ba. Kuma ba dole ki yanke yau ba, tunda darussan farko kusan ɗaya ne: tarihin Amurka kashi biyu, tarihin duniya kashi biyu, sai darussan gama-gari da tun 2025 aka haɗe su ƙarƙashin Cal-GETC, wanda duka biyun ke karɓa. Ki yi ADT ɗin, ki cike TAG zuwa Davis, ki nemi duka.

Abu ɗaya nake roƙonki. Na taɓa ɓata simista guda kan wani darasi mai daɗi, sai daga baya na gane an ƙirga mini yunit ɗinsa amma bai cike sharaɗin fannin tarihi ba, dole na ƙara wani a lokacin hutun bazara. Kafin ki yi rajistar kowane darasi, ki buɗe ASSIST a intanet, shafin da ke nuna darussan kwaleji da kowace jami'a ke karɓa, ki sa sunan kwalejinki da jami'ar da kike nufi, ki zaɓi tarihi. Ki buga shafin, ki kai wa mai ba ɗalibai shawara a kwalejinku cikin makon nan, tun Satumba ba ta ƙarato ba.