VPN ko EZproxy: wanne za ki kunna daga gida?

'Yar'uwa, kin ce kin koma gida kina rubutun kundin digirinki, mujallun da kike buɗewa kyauta a cikin jami'a yanzu kuɗi suke nema, kina tambaya ko VPN za ki sa ko EZproxy. Ya danganta da abin da kike son kaiwa gare shi.

Rumbunan mujallu irin su ScienceDirect da JSTOR suna gane jami'a ne ta lambar IP, wato adireshin intanet, da kika shigo da ita. Kina barin harabar, lambar ta canza, sai su ɗauke ki baƙuwa. Hanyoyin biyu duk aron lambar jami'a suke ba ki, amma ba iri ɗaya ba.

EZproxy a cikin burauza kaɗai take aiki, ba manhajar da za ki sauke. Ki shiga shafin ɗakin karatu, ki sa sunanki da kalmar sirri, ki bi mahaɗin mujallar daga can. Kuskuren da mutane suka fi yi shi ne tsallakowa kai tsaye daga Google, sai a sake neman kuɗi su ce ba ta aiki. Tun 1999 ake amfani da ita, kuma OCLC, ƙungiya mai yi wa ɗakunan karatu hidima, ke riƙe da ita tun 2008. In takardu kawai kike nema, ita zan zaɓa miki.

VPN kuwa kwamfutar gaba ɗaya take shigarwa cikin sadarwar jami'a, ta manhaja irin su Cisco Secure Client, GlobalProtect ko FortiClient, wadda sashen fasahar sadarwa zai faɗa miki. Ba makawa sai da ita idan lasisin manhajar lissafinki, irin su MATLAB ko SPSS, a sabar jami'a (babbar kwamfutarta) yake, ko kina shiga kwamfutar ɗakin gwaje-gwaje, ko fayilolin da sashenku ke ajiyewa a ciki.

Ga inda take rikita mutane. Wasu jami'o'in sun raba hanyar biyu: abin da ya shafi sabobinsu ne kawai ke bi ta VPN, sauran ya fita da lambarki ta gida. A irin wannan saiti, VPN na kunne amma mujalla ba za ta buɗe ba. Ki tambaye su ko akwai zaɓin da ke tura komai ta cikinta. Sai dai in kin kunna shi, saurin intanet kan ragu, kuma shafukan da kike ziyarta ta na'urorinsu suke bi, don haka ki kashe idan kin gama.

VPN na kasuwa irin su NordVPN, kada ki ɓata kuɗinki don wannan aikin: lambar kamfanin zai ba ki, ba ta jami'a ba. Kuma don Allah kada ki ara wa kowa kalmar sirrinki. In aka kwashi ɗaruruwan takardu lokaci guda da sunanki, mawallafi na iya toshe jami'ar baki ɗaya har sai an rufe asusunki.