Gargaɗi ga masu kwamfuta a ƙasar Gumel: kar ku miƙa ta ga masu yawo da “sabuwar manhajar intanet”

Assalamu alaikum jama'a, musamman 'yan'uwana masu shagon buga takardu da fotokwafi, da malaman makaranta, da duk wanda ke lallaɓa 'yar kwamfutarsa a yankin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, domin ba mai daɗin faɗa ba ce. Amma shekaranjiya wani direba ya ce mini ya ga mutanen nan a wani gari ta wajen Babura, da motarsu da jakarsu, shi ya sa na ga shiru ba nawa ba ne.

Shekarata shida da ɗan shagona a bakin tasha. Laftof ɗaya ce, sai firinta, da injin fotokwafi, da farantin sola biyu a kan rufi. Da su nake buga katin biki da na suna, da takardar cinikin gona, da jarrabawar firamare da ta Islamiyya, da hoton fasfo. Da su nake ciyar da iyalina da mahaifiyata.

Wata Alhamis da hantsi, lokacin da motocin kasuwar Maigatari ke ta wucewa, wasu samari biyu suka tsaya a ƙofar shagon cikin ƙaramar mota ruwan toka. Tsaf da su, kowa da kati rataye a wuya. Ɗaya baki gare shi kamar mai tallan magani, ɗayan kuwa shiru-shiru, jaka kawai yake rungume da ita. Muka gaisa, na ba su benci. Mai bakin ya leƙa allon kwamfutar ya ce, “Malam, har yanzu Windows 10 kake kai?” Na ce eh. Ya girgiza kai kamar wanda ya zo ta'aziyya. “Ai ta mutu, Malam. Kamfanin ya janye hannunsa. Nan da 'yan makonni za ka kunna ta ƙi tashi, komai naka ya tafi.” Ya ciro waya ya nuna mini labarin a rubuce.

Nan ne dabararsu take, ku lura da kyau: gaskiya suke ɗaukowa su jiƙa ta da ƙarya. Gaskiya ne Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Abin da hakan ke nufi shi ne an daina aiko mata da gyare-gyaren tsaro kamar da, saboda haka haɗarin bairos da masu kutse yana ƙaruwa idan kana shiga intanet da ita. Amma ba wanda zai kashe maka kwamfuta daga nesa. Windows 7 tun watan Janairun 2020 aka daina tallafa mata, ga ta nan har yau a shaguna da ofisoshi tana buga takardu. Duk wannan ban san shi ba a ranar.

Sai ya ce su wakilan wani kamfani ne na ƙasar waje, an turo su karkara da sabuwar babbar manhaja wadda a intanet take aiki. Ba ta kama bairos, ba ta nauyi, tsohuwar kwamfuta ma sai ta koma kamar sabuwa, kuma duk kayanka a sama, wato a intanet, ake ajiye su, ko shago ya ƙone ba abin da zai same su. Ya buɗe tasu laftof ɗin ya danna, kafin in gyara zama ta tashi. Tawa kuwa sai na kunna na share shago na dawo kafin ta gama shiri. Abin ya burge ni ƙwarai. Ya ce kuɗin lasisi naira 25,000 ne, amma tunda ni ne na farko a garin, in kawo 15,000. Ya nemi lambar BVN ɗina wai don rajista. Wannan kam na ƙi. Ya yi murmushi ya ce ba komai, za su buɗe mini asusun da kansu, kar in wahalar da kaina.

Aka kira sallar azahar suna tsakiyar aiki. Na ce su taso mu je masallaci, mai bakin ya ce, “Je ka, Malam, in an katse aikin nan lalacewa zai yi, mu matafiya ne, ma haɗa da la'asar.” Na bar su da yaron shagona, ɗan yayana, mai shekara goma sha biyu. Daga baya yaron ya faɗa mini suna ganin na sha kwana suka ba shi kuɗi ya sayo musu ruwan leda da rake. Minti ashirin, ko ƙasa da haka.

Da na dawo na tarar da allo sabo fes, tsuntsu ya tashi daga kan tarko ban sani ba. Na tambayi ina kayana, mai bakin ya buɗe wani shafi ya nuna mini babban fayil mai sunan shagona, a ciki ga katunan biki guda biyar ko shida, ga wasu hotuna. Ya ce sauran suna hawa a hankali, zuwa gobe za su cika. Ya rubuta mini adireshin imel da kalmar sirri a bayan wani rasit, ya karɓi kuɗinsa, suka yi gabas.

Da yamma wani dattijo ya zo a sake buga masa takardar gonarsa da na rubuta bara. Na nema, babu. Na nemi CorelDRAW da nake zana katuna da ita, babu ita babu dalilinta. Word ma babu. Na haɗa firinta, ko motsi. Na kira su, suka ce sabis ne, in yi haƙuri. Kwana tara ina haƙuri ina mayar da mutane, data kuwa tana ƙonewa kamar an zuba wa wuta kalanzir. A rana ta goma kwamfutar ta ce kalmar sirrin ba daidai ba ce. Na kira, shi wannan mai ladabin da ke ce mini Malam ya ce lasisin gwaji ne ya ƙare, in tura 30,000 a buɗe mini, in ba haka ba kamfani zai goge komai. Da na ɗaga murya ya kashe wayar. Tun daga ranar layin bai sake shiga ba.

Na ɗauki laftof ɗin na hau mota zuwa Kano, wajen wani mai gyara a titin Beirut da abokina ya haɗa ni da shi. Yana kunnawa ya ce, “Wa ya sa maka wannan?” Na ba shi labari. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, “Yaya, wannan ai ChromeOS Flex ce. Kyauta ce. Ko sisi ba a biya.” Sannan ya juya ta ya nuna mini kusoshin bayanta, biyu sun sha sukuddireba har sun goge, ɗaya ma babu. Ya buɗe. Rumbun ajiyata mai giga 500 ba ya nan, wani tsoho ne mai giga 80 a gurbinsa, da ƙura a jikinsa. Ram ɗina, wato 'yan allunan da ke ba kwamfuta saurin aiki, guda biyu ne masu giga huɗu-huɗu, saura ɗaya. Na zauna a kan wani kwali na rasa abin cewa.

Shi ne ya warware mini zare da abawa, kuma na dawo na bincika da kaina na tabbatar. Manhajar ba ta bogi ba ce. Google ne ya fitar da ita a 2022, bayan ya sayi kamfanin Neverware a ƙarshen 2020, masu wata manhaja da ake kira CloudReady. An yi ta ne don tsofaffin kwamfutoci, kuma kusan komai a cikin burauzar Chrome ake yin sa. Tana buƙatar ram giga 4, da wurin ajiya giga 16, da filash mai giga 8 ko fiye da za a ɗora ta a kai. Mutum ɗaya da ke sa wa kwamfutarsa ba ya biyan kuɗin lasisi, ba na wata ba, ba na shekara ba. Ba wani wakili da ake turowa ƙauye da kati a wuya. Ba a tambayar BVN, ba a tambayar NIN. Duk wanda ya ce ka biya, ko ka karanto masa lambar da ta shigo wayarka, ɓarawo ne. Wani mai POS a garin da ke gaba da mu ya karanto musu, kafin magariba asusunsa na banki ya zama wayam.

Akwai abubuwan da da na san su da ko benci ban ba su ba. Girka manhajar nan yana share duk abin da ke cikin rumbun kwamfuta, ƙarƙaf, ba ya barin ko hoto ɗaya. Manhajojin Windows irin su CorelDRAW ba sa hawa kanta, manhajojin wayar Android ma ba sa hawa. Firinta kuwa wata ta yi, wata ta ƙi. Sannan ajiyar da Google ke bayarwa kyauta giga 15 ce kacal. Ni kayana sun fi giga ɗari. Ku da kuka san sabis ɗin garuruwanmu, inda sai ka fita bakin titi ka ɗaga waya sama kafin hoto ɗaya ya tafi a WhatsApp, ku faɗa mini ta yaya giga ɗari za ta hau cikin sa'a guda? Katuna shida suka ɗora don su rufe mini ido.

Babban makullin kuwa shi ne asusun. A irin wannan manhaja, wanda ya buɗe asusun imel ya sa lambar wayarsa shi ne mai gida, kai ɗan haya ne. Ran da ya ga dama ya canza kalmar sirri, ka tsaya a waje. Kamar ka gina rumbu ka zuba gero da dawa, sannan baƙon da ka sani yau ya saya maka kwaɗo ya riƙe makullin.

Wallahi ba kuɗin ne ke hana ni barci ba, ba kuma ram ɗin ba. Amanar mutane ce. A cikin rumbun nan da suka tafi da shi akwai takardun NIN da na ɗauka wa mutane, da sakamakon jarrabawar yara, da hotunan fasfo na matan aure da 'yan mata, da takardun gado da na cinikin filaye masu sa hannun mai unguwa da shaidu. Mutanen nan ba su san wata manhaja ba, ni suka sani, ni suka yarda da ni. Sai da na je gaban dagaci na yi bayani, na kai rahoto ofishin 'yan sanda, sannan na bi gida-gida ina faɗa wa waɗanda na tuna cewa duk wanda ya kira su ya ambaci sunansu da ranar haihuwarsu ya ce daga banki yake, kar su saurare shi. Wata gwaggona da na buga wa takardun marayunta ta dube ni ta ce, “To ɗana, yanzu ina takardun suke?” Ban da amsar da zan ba ta.

Wasu sun tambaye ni ko ita manhajar kanta tana da amfani, ko a guje ta gaba ɗaya. Ba zan zalunce ta ba saboda ɓarayi sun fake da ita. Ɗalibin da ke Dutse ko Kano, yana da intanet a makaranta, aikinsa karatu da rubutu da bincike, tsohuwar laftof ɗinsa kuma ta gaji, za ta iya yi masa rana. Tana da sauri, kuma tana sabunta kanta. Wasu ayyukan, kamar rubutu, ana iya saita su tun farko su yi ko babu intanet. Amma mai shago irina a ƙauye, wanda abincinsa ke kan zane da firinta, ga sabis yau akwai gobe babu, ga kuɗin data da aka ƙara tun farkon 2025, ni a ganina ba tasa ba ce. Wanda damuwarsa Windows 10 ce, ya je wajen mai gyara na gaskiya a duba ko kwamfutarsa za ta ɗauki Windows 11, ko a nuna masa Linux Mint, wadda ita ma kyauta ce kuma tana aiki ba intanet.

In kuma ranka ya biya sai ka gwada, to akwai hanyar da ba ta da asara. Ana ɗora ta a filash, a kunna kwamfuta daga filash ɗin, sai ta ba ka zaɓi: ka gwada tukuna, ko ka girka. Zaɓi gwaji. Windows ɗinka da kayanka suna nan ba a taɓa su ba, ka haɗa firintarka ka gani, ka duba sauti da kyamara da intanet, in ba ta yi maka ba ka zare filash ka koma inda kake. Kafin ma ka kai nan, kwafe duk kayanka a wani rumbu na daban ka kai gida ka adana. Asusun kuma kai za ka buɗe da hannunka, da lambar wayarka, kalmar sirrin a kanka. Kuma ko wane ne, ko kai ka kira shi, kar ka tashi ka bar shi da kwamfutarka. In lokacin sallah ya yi, rufe ta ka kulle shago.

Ga kamanninsu: mai maganar dogo ne siriri, wankan tarwaɗa, yana da wushirya, ɗayan gajere mai jiki da baƙar jakar goyo. Ranakun kasuwa suke bi, kuma sun fi zuwa dab da azahar. Ƙila sun canza mota, ƙila sun canza wa manhajar suna. In sun zo muku kar ku ɗauki doka a hannu, ku ja su da hira, ku rubuta lambar motar, wani ya zagaya ya kira mai unguwa ko 'yan sanda. Ku tura wannan saƙo zuwa zaurukan malamai da na masu POS. Wanda kuma ya san na taɓa ɗaukar masa takarda a shagona kuma ban zo gidansa ba tukuna, don Allah ya tsaya in ya zo wucewa ta tasha, ina nan daga safe har la'asar.