Minista da Babban Sakatare: wa ke riƙe da ma'aikata?

Malam, tambayarka daga Azare ta iso. Ka ce ka ji ana faɗin babban sakatare ya fi minista iko a cikin ma'aikata, to in haka ne me ya sa 'yan siyasa ke rububin kujerar minista, kuma mai buƙata ƙofar wa zai buga? A taƙaice, minista shi ne shugaba, shi ke yanke shawara, shi ke da kujera a gaban Shugaban Ƙasa. Fayil da ma'aikata da sa hannun fitar da kuɗi kuwa suna wajen babban sakatare. Ikon nasu ba iri ɗaya ba ne, shi ya sa auna su da mudu ɗaya ke rikitar da mutane.

Mu fara da yadda kowa ke hawa kujerarsa.

Minista naɗin siyasa ne. Sashe na 147 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba Shugaban Ƙasa ikon zaɓar wanda yake so, ya aika sunansa Majalisar Dattawa ta tantance. Sharaɗin ba shi da tsauri: mutum ya cancanci tsayawa takarar Majalisar Wakilai, wato ɗan Najeriya mai shekara 25 zuwa sama, da ilimin da ya kai matakin sakandare. Kujerar Antoni Janar ce kawai sashe na 150 ya ƙara wa sharaɗi, dole ya zama lauya na aƙalla shekara 10. Dole kuma kowace jiha ta samu minista ɗaya ɗan asalinta, don haka ba a kafa cikakkiyar majalisar ministoci da ƙasa da mutum 36. Daga nan abin da ya ƙaru ganin damar Shugaba ne. A naɗin 2023 Bauchi ta samu biyu, Yusuf Maitama Tuggar a Harkokin Waje da Muhammad Ali Pate a Lafiya, Gombe ta samu Sa'idu Ahmed Alkali a Sufuri. In wanda aka zaɓa sanata ne ko ɗan majalisa, da zarar ya yi rantsuwar kama aiki ya bar waccan kujerar ke nan. A Jamhuriya ta Farko, zamanin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, akasin haka ake yi, daga cikin majalisa ake ɗebo ministoci, suna minista suna wakiltar mazaɓunsu.

Akwai wani rauni a nan da ya kamata a faɗa. Galibi ana aika sunaye Majalisar Dattawa ba tare da an ce wane zai riƙe ma'aikata kaza ba. Sanatoci sai su yi ta yi wa likita tambaya kan asibiti, bayan rantsarwa a ji an ba shi wani wuri dabam. Wasu ma ba a tambayarsu komai, in tsofaffin 'yan majalisa ne sai a ce su rusuna su wuce.

Babban sakatare, wanda ma'aikata ke ce wa famsak, tsani ya hau tun daga ƙasa. Mai digiri yana shiga aikin gwamnatin tarayya a matakin albashi na 08. Daga nan 09, 10, sai 12, don babu mataki na 11 a tsarin. Tsakanin mataki na 07 da na 14 sai an yi aƙalla shekara 3 kafin a zauna jarrabawar ƙarin girma, daga 15 zuwa sama shekara 4. Mataki na 16 mataimakin darakta ne, na 17 cikakken darakta. Ko da mutum bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba, kuma kullum akwai gurbi, ya ci shekara ashirin da ɗoriya kafin ya zama darakta. Daga cikin daraktocin ne ake tace manyan sakatarori: jarrabawar rubutu, gwajin iya aiki da kwamfuta, sannan ganawa ta baki da baki, ƙarƙashin Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya. Shugaban Ƙasa ne ke naɗawa bisa sashe na 171, Majalisar Dattawa ba ta da hannu. Ana la'akari da raba daidai tsakanin jihohi, saboda haka ƙwararren darakta ɗan Bauchi na iya jira har lokacin ritayarsa ya zo, in gurbin jiharsa a cike yake.

Wa'adi ma ya bambanta. Minista ba shi da tabbas ko na kwana ɗaya, Shugaba na iya sauke shi da sanarwa mai layi biyu ba tare da ya ba kowa dalili ba, kamar yadda aka sallami ministoci 5 a Oktoban 2024. Babban sakatare yana da shekara 4, ana iya sabunta masa sau ɗaya, sai dai in shekara 60 ta haihuwa ko 35 ta aiki ta riga zuwa. An kawo wannan ƙa'ida a 2009 zamanin 'Yar'aduwa, aka dakatar da ita a 2016, ta dawo aiki a 2023. Kada ka ɗauka ba a taɓa su: a Nuwamban 2015 Buhari ya yi wa 17 ritaya lokaci guda. Amma canjin gwamnati shi kaɗai ba ya tafiya da su.

Inda tambayarka ta fi nauyi shi ne batun kuɗi.

Dokokin kuɗi na gwamnati da Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 sun ɗora amanar kuɗin ma'aikata a wuyan babban sakatare. Shi ne shugaban kwamitin bayar da kwangila na ma'aikata. In Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya ya ga an biya kuɗin aikin da ba a yi ba, takardar tuhumarsa kan teburin famsak take sauka, shi ne kuma zai je gaban kwamitin majalisa ya yi bayani, ko da minista ne ya matsa a biya. Shi ya sa gogaggen famsak, in minista ya ba shi umarnin da yake shakka a kai, ba ya gardama a gaban jama'a. Sai ya ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka a rubuta mini a fayil." Umarni da yawa a nan suke mutuwa, don mai faɗa da baki ba kullum yake son sa hannu ba.

To ina ƙarfin minista? Kwangilar da ta wuce iyakar da aka yanke wa ma'aikata sai ta samu takardar amincewa daga BPP, hukumar da ke sa ido kan bayar da kwangilolin gwamnati, sannan ta je Majalisar Zartarwa ta Tarayya. A wannan zaure minista ne ke da kujera, famsak ba ya ciki. Minista ne ke sa hannu a takardar neman amincewa, shi ke tashi ya kare ta a gaban Shugaba da takwarorinsa. Shi ke kare kasafin kuɗin ma'aikata a majalisa, shi ke bin Ministan Kuɗi a saki abin da aka ware. Wace hanya za a fara, wane asibiti za a ɗaga darajarsa, wace jiha za a kai sabuwar makaranta, duk nan muryar minista ce ke tasiri. Kuma in zama ya gagara tsakaninsu, minista mai faɗa a ji na iya neman a canza masa famsak, shi kuwa famsak ba shi da hanyar canza minista.

Ga yadda takarda ke tafiya. A ce ƙungiyar ci gaban wani gari a Gombe ta rubuta wa minista tana neman a gyara gadar da ruwa ya cinye. Ko da hannu aka miƙa masa wasiƙar a wajen ɗaurin aure, rubutu zai yi a kanta ya tura wa famsak. Famsak ya tura wa daraktan sashen da abin ya shafa, darakta ya sauke wa mataimakinsa, har ta kai ga jami'in da ke riƙe da wannan yanki, wataƙila ɗan mataki na 10 ko na 12. Shi zai buɗe fayil, ya sa wa shafuka lamba, ya nemi rahoton injiniyan ma'aikata da ke jihar, ya duba ko aikin na cikin kasafin bana, ya rubuta shawararsa ya sa hannu da kwanan wata. Daga nan fayil ya sake hawa, kowa na ƙara layinsa. Abin da ke komawa teburin minista shawara ce da aka riga aka dafa, kuma sau da yawa abin da ƙaramin jami'in nan ya rubuta tun farko shi ke tsayawa. In babu aikin a kasafi, za a rubuta a ajiye tukuna, fayil ya koma rajista. Ba lallai mugunta ba ce, famsak ba ya da ikon kashe kuɗin da majalisa ba ta ware ba. Ana ta ƙoƙarin mayar da fayiloli cikin kwamfuta, amma matakalar tana nan yadda take.

Wani abin da ba kowa ya sani ba: akantoci a ma'aikata 'yan Ofishin Akanta Janar ne da aka turo, lauyoyi daga Ma'aikatar Shari'a suke, jami'an mulki kuma Ofishin Shugaban Ma'aikata ke juya su. Minista yana zuwa ne da 'yan mataimakansa na musamman kaɗai, su kuma tare suke tafiya da shi. Rikici ya fi tashi idan waɗannan mataimaka suka fara kiran daraktoci suna ba su umarni ta bayan famsak. Da ɗan gari akan ci gari, ministan da ya raina daraktocinsa yakan ƙare wa'adinsa da tarin sanarwa, aiki kaɗan.

An taɓa gwada haɗe ikon wuri ɗaya. Zamanin Gowon manyan sakatarori irin su Allison Ayida da Ahmed Joda sun yi ƙarfi har ana ganin sun shafe kwamishinonin tarayya, wato ministocin wancan lokacin, wanda hakan na cikin abin da ya jawo korar dubban ma'aikata da Murtala ya yi a 1975. A 1988 Babangida ya juya abin da Doka ta 43: minista ya zama mai riƙe da kuɗi, aka mayar da famsak darakta janar mai tafiya tare da gwamnatin da ta naɗa shi. Birki ya tsinke, don mai ba da umarni shi ne mai sa hannu. Kwamitin Ayida da Abacha ya kafa ya ba da shawarar a koma tsohon tsari, aka koma. A ganina rabon da ake da shi yanzu, duk da jinkirinsa, ya fi wancan aminci. Mutumin Shira, Mahmud Yayale Ahmed, ya zauna ɓangarorin biyu: Shugaban Ma'aikatan Tarayya daga 2000 zuwa 2007, sannan Ministan Tsaro, sannan Sakataren Gwamnatin Tarayya a 2008.

Masu cewa famsak ya fi ƙarfi sukan kafa hujja da 2015, lokacin da aka rantsar da Buhari ranar 29 ga Mayu amma ministoci ba su kama aiki ba sai 11 ga Nuwamba, manyan sakatarori na riƙe da ma'aikatu. Gaskiya ne albashi bai tsaya ba, ofisoshi na buɗe. Sai dai manyan shawarwari sun yi ta jira, babu mai ɗaukar nauyinsu a siyasance. Gyaran kundin tsarin mulki na 2023 ya wajabta wa Shugaba da gwamnoni miƙa sunaye cikin kwana 60 da rantsar da su.

Ƙaramin minista kuwa kundin bai ambace shi ba, minista kawai ya sani. Yana da kujera a Majalisar Zartarwa, amma famsak ɗaya suke amfani da shi da babban ministan, kuma in ba a rubuta masa hukumomin da zai kula da su ba, sai abin da aka ga dama aka tura masa.

A jiha hoton ɗaya ne. Kwamishina shi ne madadin minista, Majalisar Dokokin Jiha ke tantance shi bisa sashe na 192, gwamna kuma ke naɗa manyan sakatarori bisa sashe na 208. Kundin bai ce dole kowace ƙaramar hukuma ta samu kwamishina ba, raba daidai kawai ya ce a yi, amma gwamnoni kan yi lissafi da ƙananan hukumomi 20 na Bauchi ko 11 na Gombe. Bambancin a aikace shi ne gwamna ya fi kusa, amincewa da kuɗi mai ɗan kauri takan koma teburinsa.

Saura ƙofar da za ka buga, Malam. In aiki ne kuke so ya shiga kasafi, minista da sanatanku da ɗan majalisarku, kuma tun kafin Shugaba ya gabatar da kasafin a ƙarshen shekara. In kuɗin kwangila ne ya maƙale, ko canjin wurin aiki, ko takardar da ta ɓata, ofishin famsak, a rubuce, ka karɓi kwafi mai hatimin rajista da kwanan wata. In kuwa ɗaukar aiki ne wa ɗanka mai digiri, a doka ba ɗayansu ke ɗauka ba: daga mataki na 07 zuwa sama Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya ce, hukumomin da ke ƙarƙashin ma'aikatu kuma suna ɗaukar nasu bayan samun izini. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi yana da gurbin minista a hannu, takardar da zai ba ka takan tonu ne ranar da aka je shigar da suna a tsarin albashi na IPPIS.