Wane mashin za ka saya idan da kai za a hau Rumsiki?

Da zarar ruwa ya ɗauke a watan Oktoba, 'yan ƙungiyarmu na masu babura a Garwa suka fara maganar taron Rumsiki, ƙauyen da ke cikin duwatsun arewacin Kamaru, sai waya ta dame ni: Malam, wanne zan saya? Amsata ba ta canza ba. Ka fara duba hanyar, sannan ka duba aljihunka.

Daga Garwa zuwa Marwa kwalta ce, kilomita 200 da 'yan kai. Daga Marwa zuwa Mokolo wajen 80. Nan ba abin da ke bambanta mashin da mashin sai ciwon baya. Aikin yana farawa ne bayan Mokolo, kilomita 50 da wani abu na burji, gargada da tsakuwa, hawa da gangara a tsakanin duwatsun Mandara, har ka hango tsinin dutsen Kapsiki tsaye shi kaɗai kamar an kafa taɓarya. Wannan guntun shi za ka saya wa mashin.

Boxer 100 na Bajaj, wanda 'yan acaba suka riƙe, jaki ne wajen haƙuri, kuma mai kaɗan yake sha. Amma ka ɗora masa mutum biyu da jaka a kan hawa, za ka ji yana nishi a giya ta ɗaya, 'yan uwa sun yi maka nisa kana shan ƙurarsu. In kai kaɗai ne kuma ba ka da jiki, zai kai ka. Boxer 150 shi ne wanda nake nuna wa yawancin mutane. Ƙarfinsa ya isa hawa da goyo, tankinsa na cin lita 11, kuma akwai samfurin X mai tayoyi masu haƙora da makarin taɓo a sama. TVS HLX, 125 ko 150, tsararsa ne, kuma na ga masu son kujerarsa fiye da ta Boxer. Tsakanin su biyun ba na musu da kowa. Ka tambayi bakaniken unguwarku wanne ya fi samun kayansa, ka bi maganarsa.

Sai Yamaha XTZ 125, wanda don irin wannan hanya aka ƙera shi. Tayar gabansa inci 21 ce, ta Boxer 17, kuma wannan tazarar ba ƙarama ba ce: inda ƙaramar taya za ta faɗa rami ta girgiza ka har haƙora, babbar hayewa take yi. Yana da birkin faifai a gaba, cikinsa ya yi sama, dutse ba ya dukan injin. Matsalarsa biyu. Kuɗinsa ya yi wa na Boxer nisa, sannan in wani abu ya karye a ƙauye, sai an aika Marwa ko Garwa. Gajere kuma ya gwada zama a kai tukuna, don sai ya yi ɗage kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa.

Wanda nake hana mutane shi ne mashin mai araha da sunan da ba wanda ya taɓa ji. A wata tafiya da muka yi a baya muka sha wannan. Wani ƙanenmu ya zo da nasa sabo fil, sai ƙyalli. A wata gangara igiyar kulocinsa ta tsinke. Cikinmu mutum shida na da igiyar ajiya a jaka, ba wadda ta shiga tasa. Da igiyar ɗaure kaya aka ja shi, wani dattijo Bakapsiki na kan jakinsa yana binmu da kallo, har ya wuce mu. Tun ranar muka yi shawara duk mai sayen sabo ya sayi irin na jama'a, don tub ɗaya, fulogi ɗaya, sarƙa ɗaya su wadaci kowa.

Na hannu fa? Ba laifi, in ka duba sifok, shokozoba da haƙoran sarƙa, kuma takardu sun cika. Kart giriz, wato takardar rajistar mashin, da inshora su zama da sunan da za ka iya karewa, domin shingen jandarma na da yawa a Mayo-Tsanaga, yankin na kan iyakar Najeriya, kuma sha'anin tsaro ya sa ba a wasa da mai babur. Kafin a sa rana, shugaban tafiya ya tambayi hukuma a Mokolo halin da hanya ke ciki, kuma a isa kafin magariba.

Kada ka zuba duk kuɗinka a mashin ka bar hular kwano, safar hannu da famfo. Ka cika tanki a gidan mai a Mokolo, domin gaba da nan zuwa-zuwa ce, wato man 'yan bumburutu, a kwalba, wani lokaci da datti a gindinta. In dole ta sa ka saya, ka tace da ƙyalle.