Na'urar Tace Iska a Ɗakin Inna: Abin da Na Gani a Pitowa Cikin Shekara Guda

A ƙarshen kakar bara na sayo na'urar tace iska daga wani shago a Garwa, saboda mahaifiyata tana fama da ciwon asma, kuma duk shekara da zarar hunturu ya kama sai barci ya ƙaurace wa gidanmu. Na'urar ƙirar Sin ce, tsayinta ya kai gwiwa, tana da fanka a ciki da filta irin wadda ake kira HEPA, mai kama ƙura da hayaƙi masu laushi, sannan a samanta akwai 'yar fitila da ke sauya launi: kore idan iskar ɗaki tana da tsabta, rawaya idan ta fara gurɓata, ja idan abin ya yi muni. Yanzu da ta zagaya shekara a hannunmu, ina ganin zan iya faɗin gaskiyar abin da take iyawa.

Wanda bai san Pitowa ba ba zai fahimci dalilin wannan saye ba. Garinmu yana arewacin Kamaru, a gindin tsaunin Tingilin ne, a cikin kwarin Binuwai, a kan babbar hanyar da ta taso daga Garwa ta nufi Marwa, wadda manyan motoci masu zuwa Kuseri da Njamena suke bi dare da rana. Daga Nuwamba zuwa Maris iska tana kaɗowa daga arewa maso gabas ɗauke da hazo, kuma mafi yawan wannan hazon daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi yake tasowa, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta kwashi farar ƙasar da tsohon tafki ya bari bayan ya ƙafe. Ƙurar tana da laushi ƙwarai, shi ya sa take yin tafiyar ɗaruruwan kilomita ba ta faɗi ba, har wani ɓangarenta ya ƙetare tekun Atilantika.

Da wannan hazon na yi niyyar yaƙi, amma na'urar ta nuna mini cewa abokan gabarmu biyu ne. A makonnin farko na lura cewa fitilar ta fi yin ja bayan magariba da kuma lokacin asuba, ko da a ranakun da sama take garau, ana hango tsaunin sarai. Wata rana bayan sallar asuba na tsaya a ƙofar gida na dubi gari, sai na ga hayaƙi a shimfiɗe kamar tabarma daidai tsayin rufin kwano, ba ya hawa sama, ba ya gushewa. Hayaƙin murhun masu ƙosai, da na bolar da aka cinna wa wuta, da na karan gonaki, duk sun haɗu sun kwanta. Dalilin kuwa shi ne, da daren hunturu babu gajimaren da zai riƙe ɗumi, ƙasa tana yin sanyi da sauri, iska mai sanyi kuma tana da nauyi, sai ta gangaro daga tsauni ta zauna a kwari, mai ɗumi ta rufe ta daga sama kamar faifai a bakin tukunya. Duk abin da muka ƙona a ƙarƙashin wannan faifan muke shaƙarsa, har sai hantsi ya dubi ludayi, rana ta gasa ƙasa, sannan iskar ta motsa.

A kan hayaƙi na'urar ta yi abin yabo. Idan aka rufe ƙofa da taga aka kunna ta, kafin Inna ta idar da lazimi fitilar ta koma rawaya, daga nan ta zama kore. Tarin da yake tashinta cikin dare ya ragu, kuma ita da bakinta ta ce mini, "Ɗan nan, yau ƙirjina bai yi mini kuka ba." Maganin da likita ya rubuta mata ba mu daina ba, kuma ina roƙon kada wani ya ɗauki na'ura a madadin magani.

Sai dai kuma akwai sharaɗi mai nauyi: ɗakin dole ya kasance a rufe ruf. Tagoginmu na ƙarfe ne masu kafofi, don haka sai da na cusa tsumma a kowace kafa, na kuma shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu a ƙarƙashin ƙofa, sannan aikin ya yi kyau. A falo, inda yara ke shiga da fita, ɓarnar wuta kawai take yi.

Filtar ita ce babbar damuwata. Mai shago ya ce mini, "Alhaji, za ta yi maka wata shida ba ka taɓa ta ba," amma wannan lissafin ba da hunturunmu aka yi shi ba. A tsakiyar Janairu na buɗe murfin baya, na tarar ragar waje ta toshe da farar ƙura mai kama da garin rogo, ina shafawa tana maƙale mini a yatsu. Ragar ana iya share ta da buroshi duk mako, amma ainihin filtar ba a wanke ta da ruwa, domin takan lalace, sabuwa kuma sai an yi odarta an jira, da tsadarta. Ga kuma matsalar lantarki: wutar yankinmu daga madatsar Lagdo take zuwa, da rani ruwan yana ja baya, ana yawan ɗauke wuta a daidai lokacin da aka fi bukatar na'urar. Sa'ar da muka yi ita ce ba ta cin wuta sosai, batirin solar gidanmu yana riƙe ta idan aka sa ta a ƙaramin gudu, wanda shi ne ma ba ya damun mai barci da ƙara.

Da bazara ta shigo a Maris da Afrilu, amfaninta ya ragu, saboda babu mai iya rufe kansa a ɗakin kwano cikin wannan zafi, kuma na'urar ba ta sanyaya ɗaki ko kaɗan. Guguwar da ke gabatar hadarin farko takan sa fitilar ta yi ja na ɗan lokaci, amma da damina ta kankama, ruwa ya wanke sama ya kwantar da ƙura, sai na naɗe ta a leda na ajiye.

Mai tsoho ko yaro da ke fama da numfashi a gida, kuma yana da ɗaki guda da zai iya toshewa, ina ba shi shawara ya saya, ya haɗa da filta ta biyu tun ranar farko. Ni dai na riga na yi odar tamu tun kafin a fara cirar auduga, na kuma roƙi maƙwabtanmu su riƙa ƙona shara da hantsi maimakon bayan magariba, kuma gida biyu sun amsa.