Kasuwar manoma ta ranar Asabar a Abuja: ganyen ya ci kuɗinsa, sauran sai an lura

Tun ƙarshen damina nake cefane a wata 'yar kasuwar manoma da ke ci ranar Asabar a nan Abuja, irin wadda ake cewa kayanta oganik ne, ba takin zamani ba feshin maganin ƙwari. Rumfunan ba su da yawa. Galibin masu kayan daga Filato suke saukowa, sai ɗaiɗaiku daga ƙauyukan Kuje da Gwagwalada.

Ganyensu kam ba a magana. Alayyahon za ka gan shi da 'yan huje-hujen tsutsa, wanda a kasuwar gwari zai sa ka wuce, amma a nan shi ke kwantar min da hankali. Karas ɗin ƙanana ne, karkatattu, da jar ƙasa a jikinsu, ga zaƙi har yara na ci ɗanye. Latas da kabeji suna yin kwanaki a firji ba su yi yaushi ba, don ba su kwana a mota suna jiran dillali ba.

Wake ne ya fi ja na. Kowa ya san yadda wasu 'yan kasuwa ke zuba fiya-fiya a buhu don gudun ƙwari, kuma irin wannan guba ce ta sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da waken Najeriya a 2015. Wata dattijuwa da nake saye a wurinta ta kwance min buhunta na gani: leda biyu masu kauri a ciki, kowacce an ɗaure bakinta daban, sannan buhun waje. Iska ba ta shiga, ƙwarin sai su mutu da kansu. Ta ɗebo a tafin hannu ta ce, "Hajiya, shinshina ki ji." Ƙamshin wake kawai na ji. Ayabarta kuwa da sauran kore take sayarwa, ta nuna a gida da kanta, ba irin wadda ake nunarwa da sinadarin kabayid ba, wanda hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kansa.

To, sai kuɗi. Kashin tumatir ya kusa ninka na kasuwar unguwarmu, kuma an rubuta farashi a kwali, ba tayi ba albarka, gyara kuwa sai dai ka ji a salansa. Na saba da jayayyar ciniki, shirun nan har yanzu bai kwanta min ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ba wanda ya taɓa nuna min takardar shaida. Maganar baki ce kawai. Har tuffa na gani a wata rumfa da 'yar sitika a jiki, a fili kayan waje ne, amma an jera su ƙarƙashin allon oganik. Dabarar da na koma yi ita ce tambaya: yaya kake yi da sharon, tsutsar nan da ta cinye tumatir a Kano da Kaduna a 2016? Manomin gaske nan take zai shiga zancen ruwan ganyen darbejiya, da barkono da sabulu, da kashin kajin da ya bari ya ruɓe kafin ya zuba, har ya faɗa maka kwando nawa ya yi asara. Mai saro kaya kuwa zai ce, "Wallahi daga gona ne," kamar akwai tumatirin da ba daga gona ba.

Saboda haka abin da ake ci ɗanye da wake nake saye a can, albasa da doya kuma ina nan da mai kayan miyata na da. Mai son zuwa ya yi sammako ya riƙe tsabar kuɗi, don tiransifa na yawan maƙalewa, kuma ƙwan kajin gida kafin hantsi ya ƙare.